Yadda duhun dare ya zama abin da ake tafiya takanas domin gani a Amurka

A yawancin garuruwanmu, duhu alama ce ta an ɗauke wuta. A Amurka kuwa, wasu gundumomi, wato kwatankwacin ƙananan hukumomi, kuɗi suke kashewa domin su kare duhun, saboda mutanensu sun fara rasa ganin taurari.

Wani bincike da mujallar Science Advances ta wallafa a 2016 ya gano cewa sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ne a inda hasken fitilu ya dusashe sararin sama. A Amurka da Turai abin ya kai kashi 99. Kusan mutum 8 cikin 10 a Arewacin Amurka ba sa ganin farin zirin taurarin nan da ke ratsa sama, wanda Turawa ke kira Milky Way.

Wannan ne ya sa gandayen shaƙatawa na gundumomi suka samu sabon aiki. Misali shi ne Headlands da ke gundumar Emmet a jihar Michigan, a bakin tafki. A 2011 ƙungiyar da yanzu ake kira DarkSky International ta sa shi cikin gandayen da aka amince da duhunsu. A buɗe yake dare da rana, kuma shiga kyauta ne.

Akwai ƙa'ida. Ana so baƙo ya yi amfani da tocila mai jan haske, domin ido kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuwa nan take yake ɓata wannan sabo. Ba a kafa tanti a Headlands. Mai son kwana a tanti sai ya nufi wani gandun, kamar Camp Petosega, wanda shi ma na gundumar ne.

A irin waɗannan wurare ana shirya darare na musamman, masana su kawo na'urorin hangen nesa, iyaye su zo da yara. Tsakiyar Agusta, lokacin da ake yawan ganin faɗuwar taurari, na cikin lokutan da aka fi taruwa.

Sai dai gandu kaɗai ba ya iya kare duhunsa, domin hasken birni yana tafiya kilomita masu yawa. Wani binciken da mujallar Science ta fitar a 2023 ya nuna hasken sama yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 duk shekara tsakanin 2011 da 2022. Shi ya sa ainihin maganin yake hannun masu dokar fitilu. Birnin Flagstaff na jihar Arizona ya fara irin wannan doka tun 1958.

Binciken 2016 ya sa Chadi cikin ƙasashen da matsalar ba ta taɓa sosai ba. Amma duhun da ke yankinmu na rashin lantarki ne, kuma babu mai fatan ya dawwama. Unguwa na buƙatar haske domin tsaro da kasuwar dare.

Darasin shi ne yadda ake kafa fitilar. Wadda aka yi wa murfi ta kalli ƙasa tana haska titi ba tare da ta watsa haske sama a banza ba. Yanzu da ake ta kafa fitilun sola a titunanmu ne ya fi sauƙi a kula da haka, tun kafin a taso da yaran da ba su san Kaza da 'Ya'yanta ba sai a bakin kakanni.