Kafin Ka Bar Dutse, Ka Biya Mai Shayi

A Ingila, shan shayin la'asar al'ada ce ta masu hali. An ce wata matar sarauta mai suna Anna, uwargidan Duke na Bedford, ita ta fito da ita wajejen 1840, don ta kashe yunwar da ke tsakanin abincin rana da na dare. Har gobe a manyan otal-otal na Landan sai ka kama wuri tukuna, sannan a kawo maka shayi da ɗan kek a faranti mai hawa uku.

Mu a nan Dutse namu ya fi sauƙi: benci, tebur, gwangwanayen Peak da Milo a jere, burodi a gefe, kaskon ƙwai na ƙara. Da an idar da la'asar, daga Takur har Hakimi, masu shayi sun fara hura wuta. Mai kuɗi ya ce a yi masa kakkaura, wanda aljihunsa ya yi sanyi ya sha ruwan bunu, kuma benci ɗaya za su zauna. A nan ake musun ƙwallo, a nan ake bitar darasi idan jarrabawa ta matso.

Abin da ke damuna shi ne littafin nan da ke ƙarƙashin tebur. Kowa ya san shi. "Malam, rubuta kawai, alat na shigowa zan kawo." Mai shayi ya rubuta, ba shaida, ba jingina. Wace kafe ce ta zamani za ta yi maka haka? Amma duk ƙarshen zango sai wasunmu su ɗaure jaka su nufi tasha da asuba, a bar bawan Allah da sunaye a takarda.

Wani zai ce ai ɗalibi ma a matse yake. Gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka hana kowa sakat. To amma tsadar nan ba ta tsallake mai shayi ba. Sukari, madara, ƙwai, gas ko gawayi, duk da tsabar kuɗi yake sayowa. Idan mutum goma suka gudu da kuɗinsa, jarinsa ya karye, kuma ƙannenmu da za su shigo baɗi su za a rufe wa littafin.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, cinsa ba abin kunya ba ne. Guduwa da shi ne abin kunya. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da ta riƙa tunatarwa a makon ƙarshe na kowane zango, kamar yadda ake tuna mana mu mayar da littattafan laburare. Mu kuma masu fita, wanda ba shi da halin biya duka ya je ya faɗa da bakinsa, ya ba da abin da ya samu, ya bar lambar waya. Takardar difloma ba ta goge haƙƙin wani.