Rigar mota: araha ba ta ado

Bara, da yayana zai tafi bautar ƙasa, ya bar mini tsohuwar Corolla ɗinsa amana. Kuɗin mai ya fi ƙarfina, kuma a hostel ba gareji ba rumfa. Sai na shiga kasuwa na sayo leda mai kauri, irin ta rufe buhunan hatsi, na lulluɓe motar a watan Afrilu, ina ganin na yi dabara. Ranar da na yaye ta a Yuli, wallahi sai da gabana ya faɗi. Fenti ya dushe a bonet da gefen ƙofofi, kujeru kuwa sai warin fumfuna.

Wani mai fenti ne ya fahimtar da ni. Iskar hadari tana cusa ƙura a ƙarƙashin ledar, ledar kuma tana ta kaɗawa, sai ƙurar ta zama sanfefa a jikin fenti. Leda ba ta numfashi, saboda haka raɓar da ta shiga ba ta fita. Rana ta dafa ta, tsatsa ta samu gindin zama.

Shi ya sa nake cewa gara ka bar mota tsirara da ka sa mata muguwar riga. Yanayinmu ba na wasa ba ne: zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, ga ruwan Agusta, ga ƙurar hunturu.

In za ka saya, ka duba abu huɗu. Na farko, yadin ya kasance mai tare ruwa amma mai barin tururi ya fita, ko mai 'yan tagogin iska. Na biyu, ka sa hannu ka shafa cikinsa. In babu shafi mai laushi kamar auduga, ajiye musu kayansu. Na uku, ka zaɓi fari ko ruwan azurfa, don baƙi zafi yake tarawa. Na huɗu, ya zama daidai girman motarka, da roba a baki da maɗauri ta ƙasa. Wanda mai shago zai ce maka "ai kowace mota yana shiga", shi ne iska za ta fara yagawa.

Kar ka rufe mota da ƙura ko da jiƙa a jikinta. Masu babur, ku ma da ku nake: ku bari salansa ta huce, in ba haka ba rigar ta narke a kanta.

Na san wani zai ce, "Ɗalibi ina ya ga kuɗin mai tsada?" Gaskiya ne. Amma ni kuɗin alawus na wata biyu na zuba a gyaran fenti, har yau kuma Yaya bai sake ba ni makulli ba.