Sanin Ciwon da Ya Yi Ajalin Iyaye Haƙƙi Ne na 'Ya'ya

A ƙasar Hausa idan aka yi rasuwa, sanarwar ba ta wuce kalmomi kaɗan: wane ya rasu "bayan gajeruwar rashin lafiya" ko kuwa "bayan doguwar jinya". Akan yi jana'iza a ranar, a zauna karɓar gaisuwa, daga bisani a kira malami ya raba gado. Gona da shanu da kwalekwale duk sukan shiga lissafi, har da bashin da ake bin mamaci. Abin da ba a lissafawa shi ne sunan ciwon da ya kwantar da shi. Bayan shekara ashirin, idan likita ya tambayi ɗansa abin da ya yi ajalin mahaifinsa, amsar da aka saba ji ita ce zazzaɓi, ko ciwon ciki, ko kuma kwana ne ya ƙare. Wannan shiru asara ce babba, kuma ya kamata kowane gida ya riƙa adana tarihin ciwon iyayensa kamar yadda yake adana takardar gona.

Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi wuri ne da matsalar ta fito fili. Kogin Kwara ya ratsa ta, kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. A garuruwa irin su Illo da Lolo da Tsamiya, zumunta da auratayya da cin kasuwa sun girmi layin da Turawa suka shata, ta yadda mutum zai kasance a Nijeriya, kawunsa kuwa a Segbana. Dattijon da ya yi jinya a ƙetaren iyaka zai dawo da takardu cikin Faransanci, wanda ya yi a nan gida kuma nasa cikin Ingilishi, alhali wanda ya yi jinyarsa mai yiwuwa ba ya karanta ko ɗaya. Takardar kan ƙare a ƙarƙashin katifa har gara ta cinye ta. Tun 1992 dokar Nijeriya ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a wurin Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, amma wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa a yankin Afirka kimanin mutuwa 10 cikin 100 kaɗai ake yi wa rajista. Ke nan abin da 'ya'ya suka riƙe a ka shi ne kusan dukkan shaidar da ta rage.

Ilimin halittu ya bayyana dalilin da ya sa wannan shaida take da daraja. Kowane ɗan Adam yana ɗaukar rabin ƙwayoyin gadonsa daga uwa, rabi daga uba, bisa ƙa'idojin da Gregor Mendel ya wallafa a 1866 bayan gwajin da ya yi da wake. Hausawa ma sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Misali mafi kusa shi ne amosanin jini, wato sikila. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rukunin AS ba tare da ya ji ciwo ba. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki da aka samu yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Gidan da ya tuna cewa kaka ta binne 'ya'ya uku masu kumburin hannu da ciwon ƙashi da rawayar ido tun suna ƙanana, ya sami gargaɗin da zai kai jikokinta gwajin jini kafin a sa rana. Hawan jini da ciwon sukari ba su bin lissafi mai sauƙi irin wannan, domin ƙwayoyin gado da yawa ne ke haɗuwa da abinci da yanayin rayuwa, amma an tabbatar da cewa wanda iyayensa suka yi fama da su ya fi wani haɗarin kamuwa. Uban da ya faɗi a gona da safe, bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa ya shanye, sau da yawa akan ce iska ce ta buge shi. Ɗan da ya san cewa hawan jini ne babban sanadin irin wannan faɗuwa zai riƙa auna jininsa tun yana da shekara talatin.

Akwai kuma cututtukan da ke zaga gida ɗaya ba ta hanyar ƙwayoyin gado ba. Ciwon hanta nau'in B yana iya wucewa daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa, kuma kusan 9 cikin 10 na jariran da suka kamu a lokacin sukan zauna da ƙwayar cutar har girma. Bayan shekaru masu yawa hanta kan lalace ko ta kamu da daji. Uwar da ta rasu da kumburin ciki da rawayar ido, waɗanda ake dangantawa da sammu, wataƙila ta bar ƙwayar a jikin 'ya'yanta. Gwaji zai nuna hakan, sannan allurar rigakafin da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa tana taimakawa ƙwarai wajen tsare jikoki. Tarin fuka, wanda Robert Koch ya gano ƙwayarsa a 1882, yana bin iskar ɗakin da aka yi jinya, kuma yakan kwanta a jiki shekaru kafin ya tashi. A bakin Kwara kuma akwai tsargiya, wadda tsutsarta ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fatar masunci da manomin shinkafa. Fitsarin jinin da ake ɗauka wasan yara ne yana iya kaiwa ga dajin mafitsara, kuma ɗan da ke shiga ruwan da ubansa ya shiga yana cikin haɗari iri ɗaya.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji biyu masu nauyi. Ta farko ita ce tonon sanadin mutuwa kamar ja ne da ƙaddara. Amsa ita ce, ajali na Allah ne babu shakka, amma malamai da kansu sun karantar da cewa akan ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Ƙirga waɗanda suka mutu da tantance nau'in ƙwayar cutar su ne suka share fagen allurar MenAfriVac da aka fara a 2010, wadda ta karya lagon nau'in A a wannan yanki. Da an tsaya a kan cewa zafi ne ya yi yawa, da ba a kai nan ba. Hujja ta biyu ita ce tsoron surutu, kada a ce gidan wane suna da ciwo, 'yan matansu su rasa manema. Wannan tsoro yana da tushe, don haka tarihin ciwo sirrin gida ne, tsakanin dangi na kusa da likita. Sai dai ɓoye shi ga 'ya'yan da zai shafa zalunci ne a gare su. Jihar Kano ma ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, alamar cewa al'umma ta fara gane hakan.

Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Littafin rubutu ɗaya ya isa. Ɗalibin sakandare zai iya zama da kakarsa ko gwaggonsa, cikin ladabi da addu'a ga mamatan, ya rubuta shekarun da kowane ya rasu, da tsawon jinyarsa, da alamomin da aka gani, da inda aka kai shi, da abin da likita ya faɗa in an je asibiti. Takardun asibiti, ko da Faransanci ne, a haɗa su wuri guda. Ma'aikatan lafiya suna amfani da irin waɗannan tambayoyi wajen gano sanadin mutuwar da ta auku a gida. Malaman ilimin halittu kuma za su iya koyar da zanen bishiyar zuriya da misalan da ba su ambaci sunan kowa ba, su bar kowane ɗalibi ya cike nasa a gida. Tsofaffin da suka yi jinyar waɗannan bayin Allah su ne suka san labarin, kuma kullum raguwa suke yi. Allah Ya jiƙan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba na baya ikon amfana da abin da suka bari.