Direba, Ajiye Ni A Nan!

Yau maganar tamu a bakin titi take. Na san wata za ta ce ina ruwan mace da dokar ajiye mota, alhali yawancinmu ba mu da mota, ba mu kuma iya tuƙi ba? To, ku ba ni hankalinku kaɗan.

Duk wadda ta taɓa shiga motar haya daga Kano zuwa Gwarzo ta san yadda ake yi. Da an wuce Rimin Gado an doshi Garo, ko an shigo garin Gwarzo, sai a ji murya daga baya: "Direba, akwai sauka, daidai ƙofar gidan can!" Ko a kan kwana ne, ko a bakin gada, sai ya taka birki ya tsaya, rabin motar a kan kwalta. In ya wuce da ita taku ashirin kuwa, ya shiga uku da mita. Lalle laifin na direba ne, amma sau da yawa bakinmu ne ya sa shi.

Wannan hanya ba ƙarama ba ce. Ita ce ta zarce Dayi a Jihar Katsina, manyan motoci ɗauke da hatsi da dabbobi suna bin ta dare da rana. Mota mai kaya kuwa ba ta tsayawa nan take, kome ƙwarewar mai tuƙa ta.

Kwanan baya wani ya ajiye babbar mota daidai ƙofar makarantar da nake koyarwa, ya tafi cin abinci. Da aka tashi, wata yarinya 'yar aji uku ta ɓullo ta bayan motar za ta ƙetare. Ba ta ga mai babur ba, shi ma bai gan ta ba. Allah ya taƙaita, gwiwa da hannu kaɗai ta kuje. Motar da ke tsaye ba ta taɓa kowa ba, amma ita ce ta rufe wa kowa ido.

Saboda haka ya kamata mu san alamomin nan, ba su da wuya. Allo mai da'ira da jan baki hani yake yi. In kin ga harafin P a ciki an soke shi da jan layi, ba a ajiye mota a wurin. In kuwa farin P ne a kan shuɗin allo mai kusurwa huɗu, nan ne wurin ajiyewa. Fararen layukan da ake ja a harabar asibiti ko banki, kowane gurbi na mota ɗaya ne. Gurbin da aka zana wa hoton keken guragu na masu buƙata ta musamman ne, dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta ce a keɓe musu. Zanen fari da baƙi da ya ratsa titi kuma wurin ƙetarewar masu tafiya a ƙasa ne, mota ba ta zama a kansa.

Ko babu allo, akwai wuraren da doka da hankali suka hana: kan kwana, kan gada, ƙoƙuwar hawa, mararraba, ƙofar makaranta, ƙofar asibiti, da daura da wata motar da ta riga ta tsaya. Dalilin guda ne, watau mai tahowa ba ya hango abin da ke gabansa sai ya zo kai, ko kuwa hanya ta ƙuntata.

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988, amma ma'aikatanta ba za su tsaya a kowace kwana tsakanin Kabo da Getso ba. Sauran aikin namu ne.

Uwargida, in za ki sauka, faɗa wa yaron mota tun da nisa, ki bar direba ya sami fili ya sauka daga kwalta. Tun 1972 ake tuƙi ta hannun dama a Nijeriya, don haka ki fita ta ƙofar dama, ki riƙe hannun yaro kafin ki ɗauki kaya. In maigida ne ke tuƙi ya nemi tsayawa inda bai dace ba, tuna masa cikin ladabi. Wadda ke ɗora wa 'yarta talla kuma, ta sani tsayawar mota a kan titi ita ke jawo yara su ruga a guje da faranti a ka. Ribar gyaɗa ba ta biyan ƙafa.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku ƙetare ta gaban mota ko ta bayanta tana tsaye. Ku jira ta tashi, ko ku matsa inda kuke hango hanya sarai ta kowane gefe. Ku koya wa ƙannenku da iyayenku alamomin nan a gida.

Tafiyar taku hamsin a ƙasa da kaya a ka ta fi jinyar wata uku a asibiti. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu, amin.