Daga Ikko: Fiza da Ƙa'idar Rubutun Hausa

Duk wanda ya san Agege ya san gari ne na goro da burodi. Hausawa fatake sun daɗe da kafa zango a nan, ballantana da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1911. To, yanzu wani baƙon abinci ya sami shiga wurin samari da 'yan mata, wato fiza, wani faifan burodi da ake shafa wa tumatir da cuku a gasa. Asalinta birnin Naples ne na ƙasar Italiya, kuma ta ƙara bazuwa a Ikko tun da kamfanin Domino's ya buɗe kantinsa na farko a Nijeriya a 2012.

Ba cin fizar ne abin damuwa ba. Abin lura shi ne yadda yaro yakan natsu idan zai saye ta ta wayar hannu. Sunan kanti da lambar gida da sunan titi, duka sai ya rubuta su daidai, domin ya san in ya yi kuskure ɗaya mai babur zai kai abincin wani gida. Amma da zarar ya koma WhatsApp ko Facebook zai rubuta harshen iyayensa, sai ya saki linzami. Ya haɗe "ya ce" ta zama kalma ɗaya, ya kasa bambanta "a kan" da "akan", ya watsar da haruffa masu lanƙwasa baki ɗaya.

Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Baki daban, baƙi daban. Ƙasa daban, kasa daban. Wanda ya so ya ce wa mace maganarta ƙarya ce, in ya bar lanƙwasa, kalmar da ta fito macen kare take nufi, kuma ƙasa da haka ma yakan ɓata zumunci.

Ƙa'idojin nan ba daga sama suka faɗo ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, ta yi aiki ƙwarai wajen zaunar da su. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, masana kuma suka yi taro a Bamako a 1966 da Yamai a 1980 don a daidaita rubutun. Yau kuwa wayoyin hannu suna da allon rubutu na Hausa, ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, sai dai mutum ya ƙi ɗorawa.

Sai dai masu gyara su ma suna da nasu laifin. Sau da yawa yaron da aka haifa a Agege, wanda bakinsa ya fi sabawa da Yarabanci da Turanci, yakan yi ƙoƙari ya rubuta Hausa, sai wani ya yi masa dariya a bainar jama'a. Daga ranar sai ya koma Turanci, harshe ya yi asarar mutum guda. Ladabin gyara shi ne a bi mutum ta saƙon sirri, a yaba ƙoƙarinsa, sa'an nan a nuna masa daidai, kuma mai gyaran ya tabbata shi kansa ya iya.

Saboda haka ya kamata iyaye da malaman makarantun Agege su ƙarfafa wa yara gwiwa, masu gyara kuma su sassauta harshe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa a dace, amin.