Ruwan Famfo Ba Ladan Ƙuri'a Ba Ne



Duk bayan zaɓe sai mu ji ana cewa unguwar da ba ta yi jam'iyyar da ta ci ba, ta manta da kwalta da famfo. Ƙuri'ar mutum sirri ce, amma sakamakon kowace rumfa a bango ake manna shi, kowa ya san inda Sabo ta karkata.

Abin ya daɗe. A Jihar Yamma, zamanin Action Group da NCNC, an yi amfani da yankan haraji da kotunan gargajiya wajen takura wa 'yan adawa. A 2015 kuma, Shugaba Buhari ya faɗa a Amurka cewa mazaɓun da suka ba shi kashi 97 ba za a daidaita su da na kashi 5 ba. Wasunmu sun yi murna, sun manta cewa a Ibadan mu ne 'yan tsiraru. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, asali, addini ko ra'ayin siyasa. Tun 1916 Sabo take nan, muna biyan haraji. Idan aka tsallake mu wajen aiki, mu rubuta koke mu sa hannu, mu kai Ƙaramar Hukumar Ibadan ta Arewa. Haƙƙinmu muke nema, ba alfarma ba.

Allah ya yi mana jagora, amin.