Wa Ya Wanke Gyambon Kuturu?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin mutanenmu, a zaure da kasuwa da gindin inuwa. Da an ambaci asibitin mishan sai ka ji wani ya gyara zama ya ce, "Ai don tuwon gobe a ke wanke tukunya. Maganin nan nasu tarko ne, addininsu su ke so su cusa wa mutane." In ya gama sai ya kaɗe riga ya tafi, yana ganin ya yi wa addini hidima. Ni kuwa a ganina wannan magana, ko da ya ke akwai gaskiya a cikinta, mun mai da ita mayafin rufe kunyarmu. Jama'a, ku da Allah ya nufe ku da sanin karatu, ku zo mu auna ta.

Da fari dai mu ba mai maganar nan abin da ya ke nasa. 'Yan mishan ba su taɓa ɓoye nufinsu ba. Sun ce an umurce su su nemi wanda bai ji saƙonsu ba, da wanda wahala ta kayar, su kai masa bishara. Saboda haka ne samari uku suka sauka Ikko a 1893 da niyyar shigowa ƙasashen Arewa. Biyu daga cikinsu, Walter Gowans da Thomas Kent, ciwo ya kashe su a 1894. Na ukun, Rowland Bingham, ya koma gida, amma bai fasa ba, har ƙungiyarsu ta S.I.M. ta kafa tasharta ta farko a Patigi a 1902. Wanda ya rasa abokansa kuma ya komo, ba yawon shan iska ya kawo shi ba.

To, amma ta ina suka shiga ƙasar sarakuna? Sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawari ba za a taɓa addinin Musulunci ba. Saboda haka aka yi shekaru ana tsare 'yan mishan daga yawancin biranen Musulmi. Ƙofar da suka samu daga baya ita ce ta kutare. Daga wajen 1937, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa wa S.I.M. kula da mazaunin kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, da yardar En'e da taimakon kuɗin baitulmali. Su ne wuraren da muka sani da Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. A 1943 suka buɗe asibitin ido a Kano, a 1950 suka buɗe na Galmi a ƙasar Nijar, a 1953 kuma ƙungiyar S.U.M. ta kafa makarantar makafi a Gindiri. Ku duba jerin nan da kyau: kuturu, makaho, majinyacin ƙauye. Ba su zaɓi ɗan sarki ko attajiri ba. Sun tsinci abin da muka yar ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zai ce, "A'a, mu ba mu yar da kutare ba. Muna da Sarkin Kutare da Sarkin Makafi, kuma ba ranar Juma'ar da ba mu ba su sadaka." Gaskiya ne, Allah ya ba da lada. Amma a tuna yadda a ke ba da sadakar nan. Daga nesa a ke jefa ta cikin ƙoƙo, don kada hannu ya taɓa hannu. An ware masa kwanonsa, an hana shi 'ya, an sa sunansa cikin zagi da karin magana. Kwabon da ka jefa ya sayi tuwon dare, amma bai tsai da cutar da ke cin yatsunsa ba. Baƙuwa kuwa ta baro ƙasarsu, ta koyi Hausa, ta durƙusa ta wanke gyambon da ɗan'uwansa na jini ya toshe hanci ya guje wa. In mutumin nan ya warke ya saurari abin da ta ke faɗi, wa za ka zarga?

Ga shi kuma tsoron da muka fake da shi jahilci ne. Kuturta ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ba la'ana ba ce. Ƙwayar cuta ke kawo ta, wadda wani likitan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano a 1873, kuma yawancin mutane jikinsu ba ya kamuwa da ita. A da allurar man wani itace na ƙasar Indiya a ke yi, mai zafi, mai ƙarancin amfani. Daga baya aka sami ƙwayar dafson. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuwa kyauta a ke ba da su. Wata 6 ko wata 12 mutum ya warke, kuma da ya fara sha ya daina sa wa wani. Duk da haka har yau akwai mai ɓoye tabon jikinsa sai yatsu sun lalace, don gudun bakin mutane. Bakin wa? Namu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wannan aiki ba baƙo ba ne a addininmu. Tun muna makarantar allo muka karanta surar da ta sauka a kan makahon da ya zo neman sani, Abdullahi ɗan Ummi Maktum. Mun karanta cewa Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya warkar da makaho da mai albaras da izinin Allah. An wajabta mana zakka, an kwaɗaita mana waƙafi da gai da marar lafiya. Ashe ba umurni muka rasa ba, himma muka rasa. Haka kuma zancen Maguzawa. Shekaru nawa suna maƙwabtaka da mu, muna sayen hatsinsu, muna karɓar harajinsu, muna ce musu arna? Malamai nawa suka ɗauki buzu suka je suka zauna cikinsu? Da mai wa'azin mishan ya je da allon karatu da akwatin magani, da yawa suka bi shi, sa'an nan muka fara gunaguni.

Kada a ce na wanke 'yan mishan sarai. Su ma ina da magana da su. Mai ciwo ba shi da ƙarfin ƙi, saboda haka duk wanda ya sa sauraron wa'azi ya zama kuɗin magani ya ci amanar rauni, ko daga wane addini ya fito. A ba da magani don Allah, a bar mutum da zuciyarsa. Kuma majami'un da suka gaji wannan aiki su tuna da asalinsu. Wadda ta koma gasar dogon gini da neman masu kuɗi a sahun gaba, ta bar hanyar waɗanda suka kwana a Amanawa suna naɗa bandeji.

Masu wahala kuwa ba su ƙare ba. Babbar Ruga, wadda ta koma hannun gwamnati, yau ta shahara da gyaran mata masu yoyon fitsari, waɗanda da yawansu mazansu sun sake su, danginsu sun ware su kamar yadda aka ware kutaren da. A Danja kusa da Maradi an buɗe irin wannan asibiti a 2012, jikin tsohon asibitin kutare na mishan. Ga 'yan gudun hijira, ga masu taɓin hankali a kan juji, ga samarin da ƙwaya ta cinye. Kowannensu ƙofa ce a buɗe, wanda ya riga zuwa kuwa shi za a saurara.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kishin addini ke damunka, zagi ba zai biya maka bukata ba, jifan majami'a kuwa zalunci ne da ɓarna. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ka nemi marar lafiyar da ke unguwarku wanda ba mai leƙa shi. Ka karanta masa takardar magani, tun da ka iya karatu. Ka raka mai tabo zuwa asibiti, ka ci abinci tare da wanda ya warke a gaban mutane. In an tara kuɗin ƙawata masallaci, ka tashi ka tambaya ina rabon majinyata. Ran da muka yi haka, mu da maƙwabtanmu Kirista za mu haɗu a bakin gadon marar lafiya, kowa da addininsa, ba mai jin tsoron wani. Allah ya ba mu ikon aikatawa, amin.